KATIN MAKARANTA BA YA WANKE TALAUCI

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, kafin ka naɗe wannan jarida ka sa a aljihu, ina so ka amsa wata tambaya tsakaninka da zuciyarka. Idan zazzaɓi mai zafi ya kama ka yau da tsakar dare a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a ɗakin hayar da kuka haɗa kuɗi ku biyar kuka kama a cikin gari, ina za ka fara nufa? Asibiti, ko shagon mai kemis? In har amsarka ita ce kemis, kamar yadda take ga akasarinmu, to mene ne dalili? Ba don ka yarda cewa yaron da ke tsaron shagon ya fi likita sani ba ne. Dalili guda ne, kuma duk mun san shi: a kemis kana iya cewa a ba ka na ɗari biyu a ba ka, amma a asibiti ba ka san inda lissafi zai tsaya ba.

Wannan tsoro na lissafi shi ne yake sa matashi ya haɗiyi ƙwaya biyu ya ja bargo, ya ce bari mu ga gobe. Gobe ta yi ya ce jibi. Sai abu ya ci ƙarfinsa sannan abokan kwanansa su ɗauke shi a kan babur, wani ya riƙe shi ta baya, a isa asibiti a lokacin da aikin ya riga ya yi nisa.

Mu mutanen wannan yanki, daga Fagada zuwa Jega, Aliero da Maiyama, ba sai an ba mu labarin abin da jinkiri yake haifarwa ba. A watan Maris na 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 a ɓarkewar cutar sanƙarau, mafi yawansu a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero. A daidai wannan lokaci ne aka rasa ɗalibai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, har aka rufe ta na wani lokaci. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Ba wannan ne karo na farko ba, don ko a 2015 cutar ta ratsa Aliero da kewaye, kuma manyanmu suna tune da 1996, lokacin da ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 11,000.

Sanƙarau cuta ce mai son cunkoso, mai son zafi da ƙura, mai son yara da matasa. Tana fara wa mutum kamar zazzaɓin da ya saba: ciwon kai, zafin jiki, amai, kafin wuya ya sanƙare. Tana iya kashewa cikin kwana guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da suka kamu da mai tsananinta ɗaya yakan rasu, cikin biyar kuma ɗaya yakan tashi da naƙasa kamar kurumta. Alhali tana da magani idan an zo da wuri. To ka ga duk abin da zai sa matashi ya kwana ɗaya yana lissafin aljihunsa kafin ya je asibiti, abokin aikin wannan cuta ne. Ba zargin kowa ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Magana ɗaya nake so in kafa: ɗalibin da ya fito daga gidan talaka, talaka ne, kuma wajibi ne hukuma ta lissafa shi cikin waɗanda take biya wa kuɗin magani.

YADDA AKA ZO NAN

Iyayenmu da suka yi makarantar kwana kafin tsakiyar shekarun 1980 suna ba da labarin lokacin da ɗalibi zai je asibitin gwamnati a duba shi a ba shi magani bai fitar da ko kwabo ba. Abin ya fara sauyawa ne da kuɗin mai ya karye, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin da majinyaci zai riƙa sayen magani, a juya kuɗin a sayo wani. A takarda an ce za a ɗauke wa marasa hali, amma a aikace sai talaka ya tarar da taga biyu a asibiti, ta yankan kati da ta biyan kuɗi, babu ta uku.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi a wancan taro, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Natijar haka ita ce, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita kai tsaye. Wannan kuwa a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, Naira ta faɗi, kuɗin mota da na abinci da na magani suka tashi gaba ɗaya. Ɗalibin da a da yake rage wani abu daga kuɗin guzurinsa saboda ɓacin rana, yanzu guzurin ma ba ya kai shi ƙarshen wata.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Abin takaici, da yawa daga cikinmu ba su san cewa doka ta riga ta buɗe ƙofa ba. Wanda bai san ƙofa ba kuwa, ko a buɗe take zai kwana a waje. Don haka mu bi abin daki-daki.

Na farko, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 3 ya ba Ministan Lafiya ikon fayyace rukunin mutanen da za a ɗauke wa biyan kuɗi a asibitocin gwamnati. Sashe na 11 ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF a taƙaice, ya kuma ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Sai a kasafin 2018 ne aka fara ware masa kuɗi, kimanin Naira biliyan 55. Kusan rabin kuɗin asusun an tanade shi ne don biya wa marasa galihu inshorar lafiya. Sashe na 20 kuma, wanda ya kamata kowane matashi ya riƙe shi da ka, ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda yake buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, ya kuma yanka wa wanda ya saɓa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Na biyu, a watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusu na musamman don raunana, wanda aka ce an nufi talakawa miliyan 83 da shi. Raunanan da aka lissafa su ne yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu, sai kuma matalauta.

Na uku, a nan Jihar Kebbi akwai hukumar KECHEMA, wadda ita ce ke yi wa jama'a rajistar inshorar lafiya, kuma ta hannunta ake shigar da marasa galihu cikin waɗanda asusun tarayya yake biya wa. Wanda aka yi wa rajista ana haɗa shi da wata ƙaramar cibiyar lafiya, bisa manufar nan ta samar da cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, idan abin ya fi ƙarfinta a tura shi babban asibiti. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225.

TO INA ƊALIBI YA FAƊA?

Ka sake duba rukunan nan biyar. Ɗalibi mai shekara ashirin ba yaro ba ne, ba tsoho ba ne, ba mai ciki ba ne. Ƙofa ɗaya ce tasa, ita ce ta matalauta. A nan ne kuma ake tare shi. Da zarar an ji cewa yana jami'a ko kwaleji, sai a ɗauka ɗan gata ne, a ce wanda ya iya biyan kuɗin rajista ai ba zai kasa sayen magani ba.

Mai wannan magana bai san yadda ake haɗa kuɗin rajista a ƙauye ba. Ɗauki misalin ɗan manomin albasa. Uban ya sayar da buhunan da ya so ya ajiye har su yi daraja, uwar ta sayar da tunkiya, kawu ya kawo abin da ya sawwaƙa, shi kansa yaron ya yi ƙodago a fadama lokacin hutu. Da aka haɗa aka biya, gidan ya fi da talaucewa. Katin da ya rataya a wuya ba shaidar wadata ba ce, shaida ce ta cewa gidansu ya zazzage duk abin da yake da shi. Idan ciwo ya same shi a tsakiyar zangon karatu, ba sauran tunkiyar da za a sayar.

Za a ce ai ɗaliban manyan makarantu suna da nasu tsarin, wanda ake kira TISHIP. Gaskiya ne, akwai shi, kuma tsari ne mai ma'ana: kowane ɗalibi ya biya wani abu tare da kuɗin rajista, a tara, wanda ya kwanta a yi masa magani a asibitin makaranta, in ta kama a tura shi gaba. Amma ka lura da abu uku. Shi wannan tsari na biya ne, ɗan minista da ɗan mai faskare kuɗi ɗaya ake yanka musu. Sannan wanda bai kammala rajista ba saboda rashin kuɗi, wato wanda ya fi kowa buƙata, shi ne zai tarar sunansa ba ya cikin jerin. Na uku, ɗalibai da yawa suna biyan kuɗin asibiti kowace shekara ba tare da sun taɓa tambayar me wannan kuɗi ya saya musu ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, rajistar talakawa da gwamnati take dogaro da ita wajen zaɓen waɗanda za a tallafa wa, gida-gida ake yin ta a unguwa ko ƙauye. Ranar da masu rajista suka zo, ɗalibi yana makaranta. In ma an yi sa'a an sa sunansa, cibiyar da aka haɗa shi da ita tana garinsu, shi kuwa wata takwas ko tara na shekara yana Aliero, ko Jega, ko Birnin Kebbi, ko Sakkwato. A makaranta an ce shi na gida ne, a gida an ce shi na makaranta ne. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi.

Wannan duk ga mai kati ke nan. Ina kuma ga ɗan sakandaren da ya wuce shekara biyar tuntuni amma bai kai jami'a ba? Ina ga almajirin tsangaya da ɗalibin zaure, waɗanda suka baro garuruwansu don karatu, ba su da kati, ba su da asibitin makaranta, sunansu ba ya cikin littafin kowa? Su ma ɗalibai ne, su ma a cunkushe suke kwana, kuma cuta ba ta tambayar irin karatun da mutum yake yi.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Adalci ne mu saurari masu ganin akasin haka, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa asusun ƙarami ne, bai ma ishi mata masu haihuwa da jarirai ba, waɗanda su ne suka fi mutuwa a wannan yanki. Yaya za a ɗauki rabon mai naƙuda a ba ƙato mai jini a jika?

Amsa ita ce, ba wanda ya ce a taɓa rabonsu. Mai ciki da jariri su ne a gaba, kuma duk matashin da zai yi gasa da ƙanwarsa mai naƙuda a kan kuɗin magani ya ji kunya. Abin da muke cewa shi ne a ƙara girman tukunya. Kuma ba dukkan ɗalibai muke nema wa ba, waɗanda aka tabbatar da rashin halinsu kawai. Bil hasali ma matasa su ne rukunin da ya fi arha a inshora, saboda akasarinsu sukan shekara ba su kwanta ba. Kuɗin da za a biya wa ɗalibi guda na shekara bai kama ƙafar abin da gwamnati take kashewa a kansa ta fuskar albashin malamai da gine-gine ba. Wane irin lissafi ne a kashe dukiya wajen karantar da yaro shekara huɗu, sannan a bar shi ya mutu a shekara ta biyar saboda kuɗin allura da ƙarin ruwa? Ga kuma maslahar jama'a: ɗalibin da ya ɓoye ciwonsa a ɗaki mai mutum takwas ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba.

Wasu kuma suna cewa ai yanzu akwai bashin karatu na NELFUND, wanda aka kafa da dokar 2024, har da kuɗin kashewa Naira 20,000 a wata. To madalla da shi, amma bashi ne, biya za a yi. Kuma duk wanda ya san farashin mudun shinkafa da kuɗin mota ya san cewa wannan kuɗi ciki ma bai gama riƙewa ba, balle jinya.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma da mu take. Ana cewa da zarar an buɗe wannan ƙofa, kowa zai zama maraya, 'ya'yan masu hali da 'yan uwan kansila su cike gurbin. Wannan ba ƙarya ba ce, mun sha ganin irinta a rabon taki da na tallafi. Amma maganin ɓarawo ba rushe rumbu ba ne, gyara ƙofa ne.

MA'AUNIN DA ZA A BI

Akwai darasi a wurin maƙwabta. Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi da matalauta biya. Amma da farko ta ƙuntata ma'anar matalauci, har sai mutum ya zama ba aikin yi, ba mai tallafa masa, ba ma tsayayyen wurin kwana, sai ya zama talakawa kaɗan ne suka tsallake. Jamhuriyar Nijar kuma ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Darasi biyu ke nan: kada ma'auni ya yi tsaurin da ba mai wucewa, kada kuma a ce kyauta ba a ware kuɗi ba.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace a nema daga Gwamnatin Jihar Kebbi da Majalisar Dokokinta. A rubuta a fili cewa zama ɗalibi ba ya fitar da mutum daga rukunin matalauta. A auna ɗalibi da halin gidansu: maraya wanda ba mai ɗaukar nauyinsa, wanda gidansu yake cikin rajistar talakawa, naƙasasshe, mai cutar da ba ta rabuwa da mutum kamar amosanin jini, da wanda rikicin 'yan bindiga ko ambaliya ta raba iyayensa da gonakinsu. Shaida ta fito daga wuri biyu, mai unguwa ko dagacin garinsu, da kuma ofishin kula da harkokin ɗalibai. A bar ɗalibi ya zaɓi cibiyar da ke kusa da makarantarsa, a kuma karɓe shi a ta garinsu lokacin hutu. A ware kuɗin a kasafin shekara da sunansa, a riƙa bayyana adadin waɗanda suka amfana daga kowace ƙaramar hukuma. A kuma sa makarantun allo da na zaure cikin lissafi, ta hannun malamansu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa matasa, haƙƙi ba ya zuwa ya tarar da mutum a kan tabarma. Tun kafin hukuma ta motsa akwai abin da yake hannunmu.

Ka ɗauko rasit ɗin rajistarka ka duba ko akwai kuɗin asibiti a ciki. In akwai, ka je asibitin makaranta ka buɗe kati tun kana da lafiya, ka tambaya cikin ladabi: wane magani ne ya shiga ciki, wane gwaji, in an tura ni babban asibiti wa zai biya, lokacin hutu fa? Ka rubuta amsar ka sanar da abokan ɗakinka. In ba ka da lambar NIN ka yi ta, domin da ita ake shiga irin waɗannan tsare-tsare. In ka je gida ka tambayi cibiyar lafiya ta mazaɓarku da mai unguwa yadda ake shigar da marasa galihu, ka kuma tsaya wa mahaifiyarka da ƙannenka su shiga. Ƙungiyoyin ɗalibai na Jega, Aliero da Maiyama su rage yawan bukin karrama manya, su rubuta takarda guda mai hujja, da sa hannu, su kai wa KECHEMA da 'yan majalisarsu, su riƙa bibiya. Takarda da naci sun fi jifa da ƙone-ƙone, waɗanda ba abin da suke jawowa sai rufe makaranta.

Idan an zo rigakafi ka miƙa hannu. Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV a 2024, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. Idan kuma abokin kwananka ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da ciwon wuya, kada ku tsaya lissafi, ku ɗauke shi a daren, ku tuna da sashe na 20.

Daga ƙarshe, kalma ɗaya ga wanda Allah Ya rufa wa asiri. In mahaifinka yana iya biya maka, kada ka je ka tsaya a layin marasa hali. Gurbin da ka cinye da ƙarya na wani maraya ne da kuke aji ɗaya, kuma ƙaryarka ita ce hujjar da za a kafa gobe a rufe ƙofar gaba ɗaya. Kai kuma da ba ka da shi, kada kunya ta hana ka faɗa. Talauci ba laifinka ba ne, kuma abin da kake nema ba bara ba ce, dukiyar jama'a ce wadda doka ta ce da rabonka a ciki. Iyayenka ba su sayar da abin hannunsu don a dawo musu da akwatinka ba kai ba.